Inda Orkes Ɗin Yake Tsayawa

Shekarun da orkes ɗin ƙanena yake repetisiyo, wato gwajin kiɗa, a tsakar gidanmu, ni ce babbar maƙiyiyarsu. Shi ne autanmu, shi ke buga bateri, gangunan orkes ɗin. Da an sauko daga sallar la'asar sai abokansa su shigo da gita da trompet, su ja kuran, wato lantarki, daga ɗakina, su kama wannan kiɗa da suke ce wa fonk da sul. Agadas garin gita ne, kowa ya san yadda ake taka ta a biki, amma nasu kiɗan ƙugu yake fara kamawa kafin ƙafa. Maƙwabta suna cewa samarin nan sun taɓu. Ni ma haka nake cewa, da ƙarfi kuwa.

Inna, mahaifiyarmu, ta fi ni faɗa. Kullum sai ta ce gobe za ta kore su da muciya.

Ban san ranar da abin ya juya ba. An kira su wani biki don makaɗan da aka yi alkawari da su sun ƙi zuwa, daga nan sai Arlit, sai Tawa. Masu haƙar zinariya suna dawowa daga Jado da waƙoƙinsu a telefon, ƴan kabu-kabu suna rera su a kan titi. Matar da ta taɓa kai ƙararmu wurin mai unguwa ta koma gaya wa mutane a hannunta suka girma. Ana haka Yamai ta ɗauke su gaba ɗaya.

Gida ya yi tsit. Na samu abin da na daɗe ina roƙo, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Idon Inna ya dushe, ƙafa ta ƙi. Duk lokacin da Auta ya kira, maganarta ɗaya ce: “Yaushe za ku zo ku yi mini hayaniyarku?” Ba wurin wasa take so a kai ta ba. Su zo gidan take so, su duka, ko sau ɗaya.

Bara aka gayyace su wasa a garin nan. Tun da safe Inna ta sa na share tsakar gida, na yayyafa ruwa, na ɗaure awaki a baya. Bayan azahar Auta ya shigo shi kaɗai, mota tana jiransa a ƙofa.

“Ina sauran?” in ji Inna.

“Suna otel, Inna, sun gaji. Kayan kiɗan ma an riga an kafa su can.”

Na so in wanke shi tas, kallon da ya yi mini ya hana ni. Ya durƙusa gefen tabarmarta, ya sa mata waƙarsu ta farko a telefon, wadda aka ɗauka a Yamai. Kiɗan ya fito tsaf. Inna tana gyaɗa kai, har aka zo inda trompet ke shigowa, sai ta ɗaga hannu.

“Tsaya. Nan ba ku wucewa.”

“Kamar yaya, Inna?”

“Nan mai busar nan yake riga ka shiga. Sai ku tsaya, ku yi ta gardama, ni kuma in samu damar miƙo muku fura da cuku. Yanzu wa ke tsayar da ku ku sha ruwa?”

Mota ta yi oda sau biyu, Auta ya riƙe hannunta, ya tashi.

Ya tura mini waƙar kafin ya fita. Har yau, in yamma ta yi, Inna kan ce in sa mata. Da an zo wurin sai ta ɗaga hannu, in tsayar. Mu zauna shiru ni da ita, muna jira su gama gardama.