Shayin da Na Haɗa wa Ramata

Ban taɓa ganin ganyen wiwi ba sai da na zo Kuala Lumpur, shi ma a waya na gan shi. A Kano warinsa kawai na sani, idan an bi ta bayan tasha ko gefen wani kango a toshe hanci a ƙara sauri. Wannan rashin sanin ne ya kusa raba ni da ramata.

Karatun digiri na uku ne ya kawo maigidana, ni kuma na biyo shi da akwatina da ƙullin irin rama da mahaifiyata ta cusa mini a cikin kayan yaji. Gidanmu a unguwar Danau Kota yake, can sama a wani dogon bene. Shi ya fita jami'a da safe sai magariba, ni kuma daga ni sai bango da ƙarar fanka. Kewa ta ishe ni, har kuka nake yi ba gaira ba dalili. Sai na samo tsofaffin robobin fenti, na huda gindinsu, na sayo ƙasa a kedai, wato kantin ƙasan benenmu, na shuka ramar a baranda. Ina son kwaɗon rama, ba na musu, amma abin da na fi so shi ne in tashi da safe in tarar da wani abu yana jirana.

Ta fito kuwa, sai dai a ƙanjame. Ganyen ya yi rawaya, karan siriri kamar tsinken tsintsiya. Ƙasar leda ba ta da wani ƙarfi. A gida da sai in aika maƙwabta a ɗebo mini kashin awaki, to a nan ina zan ga akuya a saman bene? Na shiga waya ina bincike, har na faɗa kan wasu Turawa masu gemu suna koyar da abin da suke kira shayin taki. Ban damu da shukar da ke bayansu ba, bokitinsu nake kallo.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Na tara ɓawon ayaba da na ƙwai da ragowar ganyen shayi da busassun ganyaye a wata roba mai murfi, ina juyawa har suka ruɓe suka koma baƙar ƙasa. Na ɗebi cikin tafi biyu na ƙulle a tsohon kallabina, na tsoma a bokitin ruwan famfo da ya kwana a buɗe don warin maganinsa ya fita. Na jefa ɗan guntun gula melaka, sukarinsu mai kama da mazarƙwaila. Sannan na saka ɗan injin iska irin na tankin kifi, wanda na sayo a shagon masu kifin ado. Ya wuni ya kwana yana ɓul-ɓul a baranda. Idan ya yi kyau ruwan yakan yi launin shayi ba madara, ya riƙa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Na farkon da na yi warin kwata ya yi, domin na kashe injin don tausayin kuɗin wuta, dole na zubar. Na biyu ya yi daidai, na sirka da ruwa na zuba a gindin ramar da sassafe.

Maigida ya leƙo ya ce, "Madam, ni ko Lipton sai na roƙa, amma ciyawa ta samu mai haɗa mata shayi."

Na ce, "Dakta, ita ai tana gode mini."

Bai gama karatun ba tukuna, Daktan tsokana ce, kuma yana jin daɗinta.

Ramar ta sha shayi ta miƙe. Ta yi kore shar, ta wuce ƙarfen baranda, sabon ganyen sama ya tsage gida-gida kamar yatsun hannu. Haka rama take idan ta samu lafiya, kowa a gidanmu ya san wannan.

Barandarmu tana manne da ta wata dattijuwa 'yar Malay, ina kiranta Makcik yadda ake kiran iyaye mata a nan. Ita ce kaɗai nake gaisawa da ita a benen. Wata safiya ta leƙo ta ga bokiti yana tafasa ba wuta, ta ga ganye, ta tambaye ni mene ne wannan. Ni kuma Malay ɗina bai wuce na cefane ba. Na washe baki na ce mata, "Daun, makan, sedap." Ganye ne, ana ci, akwai daɗi. Na ƙara da guntun Turanci cewa daga ƙasarmu na ƙullo irin a cikin kaya, kuma idan na ci sai in manta da duk damuwata. Na ga fuskarta ta canza, na ɗauka warin takin ne.

Daga ranar ta daina amsa sallamata. Bayan 'yan kwanaki maigida ya dawo fuska a murtuke. Mai gadin ƙofa ya tare shi yana tambayar wace irin shuka muke da ita a sama. Maigida ya karɓi wayata ya duba Turawan nan nawa, ya nuna mini shukar da ke bayansu. Ganyenta da na ramata kamar an tsaga kara. Ashe duk wannan lokacin a wurin manoman wiwi nake ɗaukar darasi.

Ya ce, "Kin san ƙasar nan ba sa wasa da wannan case ɗin. Ko an gwada an ga ba ita ba ce, sunana ya riga ya shiga report, ga scholarship, ga visa. Don Allah ki cire ta kawai."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa saboda gaskiyar. Na ce, "Ramar Umma ce fa." Na ja shi baranda na nuna masa ƙananan ƙulle-ƙullen da suka fito a jikin karan. Na roƙe shi ya bari ta yi fure, domin furen rama ba ya kama da na kowace ciyawar banza. Ya duba su, ya ce to, amma idan mai gadi ya sake magana da hannunsa zai tuge ta.

Na ci gaba da haɗa shayi, amma yanzu da fargaba. Ɓul-ɓul ɗin da nake jin daɗinsa ya koma kamar yana kiran mutane. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ɗauka mai gadi ne. Da safe kafin in ɗora ruwan zafi sai na duba ƙulle-ƙullen nan, su kuma ko a jikinsu.

Ran nan bayan an kwana ana ruwa, na fito na tarar da shi a buɗe. Fure guda, faffaɗa, fari mai ratsin rawaya, tsakiyarsa ja wur har ya yi duhu. Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba, na yafa wanda na samu na je na ƙwanƙwasa ƙofar Makcik. Ta buɗe kaɗan. Na ce, "Makcik, mari, tengok." Ki zo ki gani. Ta biyo ni ba don tana so ba.

Ta sunkuya ta kalli furen, ta taɓa shi da yatsa. Ta ce ai wannan kamar furen bendi ne, wato kuɓewa, kuma ɗan uwan bunga raya ne, furen da ƙasarsu take ado da shi. Ta rufe baki da gefen ɗankwalinta tana dariya, kunya ta kama ta, ta riƙe hannuna tana ta cewa in yafe mata. Da ma ni ban riƙe ta ba. Da ni ce na ga baƙuwa tana dafa wa ganye shayi tana cewa yana mantar da damuwa, ban san me zan yi ba.

Da kanta ta sauka ta yi wa mai gadi bayani. Da rana na tsinki ganye na dafa, na matse, na kwaɗa da ragowar ƙuli-ƙulin da nake ta tattali, na kai mata. Ta ce tsamin ya yi mata, amma yaji bai ji ba. Ni 'yar Kano aka ce wa yajina bai ji ba.

Da furannin suka bushe na fasa ƙwansonsu na ɗibar mata iri, na cika mata gora da shayin taki. Ta shuka irin, kuma ba ta ajiye tukunyarta a lungu ba. A kan ƙarfen baranda ta rataye ta, daidai inda duk mai shigowa ta ƙofar gida zai ɗaga kai ya gani. Da tata ta tsiro ta yi tsayi, wata rana maigida ya dawo da yamma ya ce ya hango ramar Umma a gida biyu, ya ajiye jakarsa ya tambaye ni ina bokitin, shi zai ɗebo ruwan gobe.