Watannin da Maigidana Ya Kira Sunan 'Yar Fari

Shekarun baya, lokacin kullen korona, ƙarar 'yar kujera ce ta fara komai. Ƙiiii, a kan simintin tsakar gida. Na leƙo daga kicin, sai ga ɗiyata ta fari tana jan kujerarta zuwa ƙofar falo, inda babanta ya baje kwamfuta.

Maigidana a Katsina yake aiki. Litinin ya bar Daura, sai Juma'a mu gan shi. Da aka ce kowa ya yi aiki daga gida, shi ne karon farko da muka yini tare har muka gaji da ganin juna. Ni har na yi ta mita, daka ma sai na tambaya ko ana mitin.

Danginsu masu kunyar ɗan fari ne sosai. Bai taɓa ɗaukar yarinyar nan a gaban mutane ba, sunanta kuwa "ke". Nima ban fi shi ba, haka aka tarbiyyantar da mu.

Ranar nan sabis ya ƙi. Ya ɗago ya gan ta a bakin ƙofa.

"Ke, zo ki ɗaga min wayar nan ta taga."

Ta ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a. Sabis ya kawo. Ya ce, "Lallai hannunki ya fi na gwamnati albarka." Ta yi dariya har wayar ta kusa faɗuwa.

Daga nan ta samu aiki. In ya gama, ya biya mata karatun allo, ta ci tuwo a kwanonsa. Ba baƙo, ba mai shigowa, ba idon da za a ji kunya. Wata la'asar ina tankaɗe na ji ya kira sunanta, cikakke, har da ja. Na tsaya da rariya a hannu. Na yi kamar ban ji ba, amma garin nan da hawayena aka tuƙa shi.

Da aka buɗe gari, mahaifiyarsa ta zo daga Zango ta kwana biyu, washegari kuma zai koma ofis. Yarinya ta rugo ta faɗa jikinsa yadda ta saba. Ya dubi Hajiya, ya janye ƙafa.

"Ke, je wajen uwarki."

Ba mugunta ba ce, na sani. Ladabi yake yi wa wadda ta haife shi. Amma na ga fuskar ɗiyata.

Yanzu ta girma, tana sakandare. Yakan kira sunanta a waya daga Katsina, a gida kuma sai an watse. Ni har yau bakina bai iya ba. Abin da na gane shi ne, kunya ado ce, amma yaro bai san ado ba, abin da kunnensa ya ji shi yake riƙewa. Allah kada Ya maimaita mana annoba. Sai dai ina kewar watannin nan, ina istigfari ina kewarsu.

Na fi tuna safiyar Litinin ɗin da ɗan acaɓa ya tafi da shi tasha. Ta daɗe a zaure, sannan ta dawo ta kama zanena.

"Umma, yaushe za a sake kulle? Baba ya fara manta sunana."