Daɓen bakin rijiyar Malam

Shekarun baya, damina ta biyu bayan babban farin nan, na yi wata wauta da har yau nake dariyarta da hawaye a ido. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, fatauci yake yi tsakanin Gagarawa da Maigatari. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya haƙa rijiya a tsakar gidanmu, ya sa aka zuba wa bakinta siminti, domin ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe kanta. Matan unguwa duk nan suke ɗiba.

Ina fita takaba na ga daɓen ya tsage. Ruwan da ya zube daga guga sai ya bi tsagar ya shige, yana cin ƙasa ta ƙarƙashi. Na aika Gumel aka kira babban ɗana. Ya tsuguna ya duba, ya ce, "Inna, siminti ya yi wuta, ko da kuɗi sai an sha wuya. Sai dai a sayar da karsanarki. Ni dai a cike ramin nan tun bai rufta da wani ba, ki dawo wurina."

Karsanar nan ita kaɗai fari ya bar mini. Na ce ba na sayarwa, ba kuma na cikewa.

Sai maƙwabciyata ta ce, "Haba Yaya, mu da muka yi wa amare daɓe tun ba a haifi mai siminti ba?" Muka yi gayya. Muka jiƙa makuba, muka samo jar ƙasa da tsakuwa, muka cusa cikin tsagar. Mata suka durƙusa da madaɓai, ana waƙa ana bugu. Ni ce ma kan gaba. Ashe siminti ba ya son duka. Kafin azahar tsaga ɗaya ta haihu, wani ɓangare ya ɓalle, muka ji tsundum cikin ruwa. Waƙa ta mutu a bakinmu.

Na hana kowa matsawa kusa, na rufe bakin rijiyar da ƙaya. Gidan ya yi tsit. A kwanakin nan na gane abin da na rasa. Da, duk wadda ta jawo guga sai ta ce, "Allah ya jiƙan mai rijiya," ni kuma daga bakin murhu in ce amin. Yanzu babu mai faɗa. Sai na ji kamar ranar nan aka fita da gawar Malam.

Ran kasuwar Maigatari na miƙa wa ɗana igiyar karsanar, na shige ɗaki don kada in ga fitarta.

Da kuɗinta aka sayo siminti, aka kira magini. Da ya zo ya ga ɓarnar, ya riƙe haɓa ya ce, "Gwaggo, jaki ne ya yi tuma a nan?"

Na ce, "Ni ce jakar, yi aikinka."

Ya fasa tsohon duka, ya cike ramin da ruwa ya ci, ya zuba sabo, ya fitar masa da magudana. Ya ce kullum in yayyafa masa ruwa har ya kama. Haka na yi ta shayar da shi kamar jinjiri.

Har yau akan tambaye ni ko ban yi asara ba, saniya guda a kan ƙasa. Ba na musu, na yi kewar nono da man da za ta ba ni. Kewar Malam kuwa ba ta ragu ba, ina kuka yanzu ma. Amma damina ta zo ta wuce sau da dama, daɓen bai motsa ba. Ɗazu da safe wata amarya, wadda ba ta ma taɓa ganin fuskarsa ba, ta jawo guga ta ce, "Allah ya jiƙan mai rijiya."

Na ce amin.