Inda Na Binne Cibiyar Ƙanwata

Unguwar da muka zauna a Guangzhou tsohon ƙauye ne da birni ya haɗiye. Mai gidan da muke haya, wata tsohuwa 'yar China da nake zargin da ita aka kafa garin, ta ce kakanninta sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman shinkafa a wurin. Ni dai ko kara ɗaya ban gani ba. Lungunan sun matse har mai ƙiba sai ya yi azumi kafin ya wuce, kuma daga tagarmu ina iya ɗanɗana miyar maƙwabta ban tashi ba.

A nan aka haifi ƙanwata. Da cibiyarta ta faɗi, Umma ta ce ba za a jefa a shara ba, binnewa ake yi. To ko'ina siminti ne. Ni aka ba ƙunshin, na tona gindin wata bishiya kusa da tsohuwar rijiyar ƙauyen da cokalin shayi. Tsohuwar ta kama ni. Na ɗaga riga na nuna mata cibiyata, na nuna ramin, ta yi dariya har da tari.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a China aka shafa jan fenti a bangayen unguwar, alamar za a rushe ta, muka koma kusa da kasuwar Shahe inda Baba ke saro tufafi. Daga baya aka ƙi sabunta mana biza. Umma ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta ɗebi ƙasar inda aka binne cibiyar, kada yarinyar ta girma a ce ba ta da tushe.

Bayan sallar Juma'a na raka ta, riƙe da leda. Babu lungu, babu rijiya, babu bishiya. Sai fili da motocin haƙa. Na kwatanta wa mai gadin filin bishiyar da hannu, ya ce meyo, wato babu. Wani Bajamushe mai ɗaukar hoto ya gaya mini da Turanci cewa a garinsu ma an yi irin wannan ƙauyen, yanzu sunansa kawai ya rage a allon titi. Ban fassara wa Umma ba.

"Kai ka binne," ta ce. "Nuna mini."

Ni da ba na rasa amsa, na juya gabas, na juya yamma. Ko'ina jar ƙasa iri ɗaya, wadda ma daga wani wuri aka zubo ta. Umma ta daɗe tana jirana, goyon na barci a bayanta. Sannan ta karɓi ledar, ta ninke, ta ce mu tafi kar mu rasa bas.