Jana'izar turmin Inna

Ko da zan manta shekaruna, ba zan manta ranar da muka binne turmin Inna ba. Turmin kirya ne da ta gada daga kakarta, ba ta ba da aronsa ko ga matar liman.

A lokacin da haƙar zinare ta cika ƙasar Bukkuyum, ni ma na samo buhun dutse. Wurin injin niƙa akwai layi, Inna kuma ta tafi suna Gummi, sai na ja turminta bayan rumbu na yi ta daka kwana biyu. Ma'aikatan lafiya sun riga sun zo daga Yargalma sun ce dutsen yana da gubar dalma mai kashe yara, kuma in ta shiga icce sabulu ba ya fitar da ita. Na ji, amma na ɗauka tsoratarwa ce. Na wanke turmin sau uku, na mayar da shi mazauninsa. Zinaren da na samu bai kai ƙwayar gero ba.

Inna ta dawo, ta zuba gero, ta buga taɓarya sau ɗaya, ta tsaya cak.

"Wa at taɓa mini turmi? Muryarshi ta sake."

Na ce, "Inna, turmi yana da murya?"

Ta dube ni ta ce, "To, madalla. Furar ga ɗiyanka za su fara sha."

Ai ban san lokacin da na kifar da geron ba, ina cewa, "Inna, ni ne!" Ina da furfura a gemu, amma taɓaryar nan sai da ta zagaya rumbu da ni sau biyu.

Ma'aikatan suka ce a binne turmin nesa da rijiya, a kankare ƙasar bayan rumbu. Inna ta rantse a kaina zan ɗauka, kuma ta tsakiyar gari. Maƙwabta suka biyo mu, wani tsoho har yana ce mini, "Ya haƙuri? Mamacin ya yi dogon kwana." Kowa na dariya ban da Inna. Da aka fara tura ƙasa, na ga tana share ido da bakin zane.

Na sassaƙo mata sabo. Har ta rasu tana kiransa baƙo.

Yanzu da na koyi rubutu a ajin manya, na ga ya kamata in ajiye darasin: in za ka shigo da abin daji cikin gida, fara tunanin bakin yaranka, ka kuma tuna akwai kayan da kasuwa ba ta mayar maka da su.