Cleophus Rucker, Mai Tantance Masu Cafe Ƙwallo

Haihuwa da asali

An haifi Cleophus Dabney Rucker ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1938 a garin Belzoni da ke jihar Mississippi. Mahaifinsa, Ozell Rucker, manomin auduga ne a gonar wani, mahaifiyarsa Arzella kuwa ita ke dafa wa ɗalibai abinci a makarantar baƙar fata ta garin. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai Allah ya nufa da zurfafa karatu.

Karatu da wasa

A wannan makaranta ya yi firamare da sakandare, a nan kuma ya fara buga ƙwallon Amurka a matsayin mai cafewa, wato wanda ke sheƙawa da gudu a jefo masa ƙwallo daga nesa. Bajintarsa ta sa wata kwalejin baƙar fata a jihar Louisiana ta ba shi gurbin karatu kyauta a 1956. A kakar wasa ta 1959 ya samu mummunan rauni a gwiwar dama, wanda ya raba shi da fili har abada. Ya kammala digiri a fannin ilimin motsa jiki a 1960, sannan ya shafe shekara tara yana koyarwa tare da horar da 'yan sakandare a garin Greenwood.

Aure

A watan Yuni na 1963 ya auri Vernice Toliver, ma'aikaciyar jinya, mace mai kaifin harshe wadda ba ta taɓa ɓoye masa ra'ayinta ba. Sun yi zaman shekara hamsin da shida.

Aikin tantancewa

A 1970 wata ƙungiyar ƙwararru da ke arewacin ƙasar ta ɗauke shi aikin nemo mata matasan 'yan wasa daga kwalejojin kudu, a zamanin da baƙar fata masu wannan muƙami ba su cika tafin hannu ba. Daga watan Agusta zuwa Disamba yana kan hanya a mota. Abokan aikinsa sun dogara da agogon auna gudu. Shi ma yana riƙe da nasa, amma abin da ya fi duba shi ne yadda yaro ke karɓar ƙwallo ranar da ake ruwa, da kuma abin da yake yi bayan ta suɓuce masa. Ba ya rubuta rahoto a kan kowa sai ya zauna da iyayensa.

Zaɓen 1984

A kakar 1983 ya ga wani matashi mai suna Lonzo Pettway a wata ƙaramar kwaleji a Alabama. Ba shi da gudun a-zo-a-gani, amma duk abin da ya taɓa yatsunsa ya zauna. Sai dai sunansa ya ɓaci: an ce mai girman kai ne, koci na magana yana wucewa.

Rucker ya je gidansu wata Lahadi bayan an taso daga coci. Mahaifiyar yaron, Odessa, ta kawo soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara. Suna ci ya lura cewa duk wanda ya yi magana, sai Lonzo ya juyo masa da ɓangaren dama. Rucker ya koma hagun yaron, ya ce a hankali, "Miƙo min gishiri, ɗana." Yaron bai motsa ba.

Odessa ta ajiye cokali. Ta ce, "Baba Rucker, zazzaɓi ne ya cinye masa kunnen hagu yana ɗan shekara shida. Ni na hana shi faɗa. Don girman Allah kada ka tona mu."

Ya ce, "Mama, ba zan yi wa mutanena ƙarya ba. Amma ki bar ni na faɗe ta yadda ya kamata. Gara a ce kurma ne da a ce mara kunya ne."

A taron share fagen zaɓen sabbin 'yan wasa, cikin watan Afrilu na 1984, ya miƙe ya bayyana komai. Manajan ƙungiyar, Mista Halvorsen, ya yi dariya, ya ce, "Cleo, shekara goma sha huɗu muna aika ka kudu, abin da ka samo mana ke nan? Ga shi ba gudu, ga shi ba kunne?"

Rucker ya ce, "Yallaɓai, da kunne ake cafe ƙwallo? A filinmu mutum dubu sittin ke ihu, wa ke jin wani? Masu kunne biyun ma ido suke zuba wa ƙwallo, shi kuwa tun yana yaro da ido yake ji. Ku tsayar da shi a hagu, kunnen damansa ya fuskanci mai jefawa."

"In kuma ya ba mu kunya fa?"

"Ranar da kuka sallame shi, ku haɗa da ni."

Kowa a ɗakin ya san Rucker yana da 'ya'ya biyu a jami'a. Da labarin ya kai gida, Vernice ta ce masa, "To, sannu gwani. In an kore ka, sai shi Lonzon ya ciyar da mu."

Ƙungiyar ta ɗauki Pettway a zagaye na tara na zaɓen. A shekarar farko sau shida kacal ya cafe ƙwallo, har aka fara yi wa Rucker kallon wanda kwanansa ya ƙare. A shekara ta biyu ya cafe saba'in da ɗaya. Ya yi wa ƙungiyar wasa shekara goma sha ɗaya, kuma a 1988 shi da kansa ya bayyana wa 'yan jarida lalurarsa, abin da ya sa makarantun kurame da dama suka riƙa gayyatarsa.

Ɗaukaka da ritaya

A 1987 aka naɗa Rucker shugaban sashen tantance 'yan kwaleji, muƙamin da ya riƙe shekara goma sha shida. Ba kullum hasashensa ke dacewa ba. A 1992 ya hana a ɗauki wani matashi daga Texas saboda yawan sakin ƙwallo, wata ƙungiya ta ɗauke shi, ya zama tauraro. Rucker bai taɓa neman uzuri ba. Duk sabon ma'aikacin da ya zo sashen, da wannan labari yake fara masa darasi. Ya yi ritaya a 2003 ya koma Belzoni, inda ya zama dattijon coci, ya kuma ci gaba da zuwa kallon wasan 'yan sakandare muddin ƙafa ta yarda.

Rasuwa

Cleophus Rucker ya rasu ranar 14 ga watan Oktoba na 2019 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara tamanin da ɗaya. An yi jana'izarsa ranar Asabar a cocin Baptis da aka yi masa baftisma, aka binne shi kusa da iyayensa. Mutum shida cikin tsofaffin masu cafe ƙwallon da ya zaɓo su ne suka ɗauki akwatin gawarsa. Da suka zo matakalar coci, Vernice ta ɗaga murya daga keken guragunta ta ce, "Ku riƙe shi da kyau, 'ya'yana. Ya gama gaya wa duniya ba kwa sakin abu, kada yau ku ƙaryata shi." Mutane suka fashe da dariya da hawaye a fuska, su kuwa shidan suka sauka da shi a hankali har bakin kabari.

Ya rasu ya bar matarsa Vernice, da 'ya'ya huɗu: Ozell, malamin lissafi a Jackson, Loretha, lauya a Memphis, Thaddeus, fasto, da auta Marvelle, likitar ƙashi. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya.