Rabin Askin Kawu Buba

Duk wanda ya zauna Azare a 'yan shekarun nan kafin 'yancin kai, in ya ga saurayi yana bin gida-gida ba hula, kai rabi a aske rabi da suma, ba sai ya tambaya ba, daga hannun Kawu Buba ya fito. Ku da kuka san shi kun sani. Wasunku ma an yi muku, kada ku wani kau da kai, da idona na gan ku. Yayan mahaifiyata ne, wanzami, mazauninsa gindin wata tsamiya a bakin kasuwa. Zai jiƙa maka kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya share gefe guda tas, sai ya ninke askar ya jefa a zabira, ya ɗauki hularka ya zauna a kai.

"Gida goma," in ji shi. "Je ka tambaye su abin da ke damunsu. Ban ce ka gaya musu ba, tambaya za ka yi. In ka dawo ka faɗa mini sai in ƙarasa."

"Kawu, a haka zan tafi?"

"A haka. Wanda ke gudun dariyar yara, ina zai iya tsayawa gaban hakimi?"

Ba kowa yake wa haka ba. 'Yan kasuwa da malamai da Fulanin da ke shigowa daga ruga, aski yake musu lafiya lau su kama gabansu. Samarin da ya hango za su iya yi wa jama'a magana, su yake damƙewa. Bai yi boko ba, bai taɓa hawa tebur ya yi lacca ba, katin jam'iyya ma bai taɓa yanka ba, ya ce ba shi da aljihun ɓoye shi. Ni kuwa da nawa ya zo, ba cikin gari ya tura ni ba, ƙauyenmu ya tura ni, can hanyar Shira, a ƙafa. Gida goma na shiga, gida tara maganarsu ɗaya: gandun hakimi. Da an yi shuka gero ya tsiro, sai dogari ya zo ya kwashe majiya ƙarfi su je noman gandun hakimin ƙasarmu na lokacin. Ba zan kama sunansa ba, jikokinsa abokan arzikinmu ne. Kafin mutane su dawo ciyawa ta cinye nasu, kaka ta yi rumbu rabi.

Na dawo na zayyana masa. Ya ce, "Na goman fa?"

Na ce, "Tsohuwa ce. Ta ce ba abin da ke damunta sai kaina."

Ya buɗe aska ya ce, "To wannan ni zan gyara. Taran nan naku ne."

Nan take na san abin da yake nufi. Mutum na ƙarshe da ya ɗaga murya a kan gandun nan wani Malam Ilu ne na ƙauyenmu. An ɗaure shi a jikin itace a rana, aka yi masa bulala a gaban 'ya'yansa, ya yi wata shida a gidan yari. Da ya dawo, ko sallama aka yi masa da ƙarfi sai ya durƙusa. Kowa ya ga wannan, kuma ga damina tana matsowa. Dattawan ƙauye suka yarda a je a roƙi hakimi, amma ba wanda ya yarda ya buɗe baki. Sai Kawu ya zaɓi mu uku: ni, da Sale Tela, da wani Garba, ƙato, wanda ke ɗaga buhun gyaɗa da hannu ɗaya.

Sale ya ɗan zauna Kano, ya dawo da manyan kalmomi cike da baki. Ranar farko ya miƙe a gindin tsamiya ya fara: 'yancin ɗan Adam, mulkin danniya, juyin zamani. Wallahi har ni sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Sai Kawu ya yafuto wata Bafillatana mai tallar nono, Inna Dudu, ya ce ta sauke ƙwarya ta saurara. Sale ya sake daga farko, har da nuni da yatsa. Da ya gama Kawu ya ce, "Inna, me yaron nan yake so?"

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Aradu ban sani ba. Amma ransa a ɓace yake, ku ba shi fura."

Kawu ya ce, "Ka ji ko? In mai nono ba za ta iya kai maganarka ruga ba, ba ka yi magana ba, iska ka sha."

Haka ya yi ta datse laccar Sale har ta koma jimla uku. Ba mu ƙi aikin gandu ba. A bar mu kwana bakwai mu nome namu. Sannan mu zo mu yi naka. Ya ce kowannenmu ya haddace duka ukun, kuma ya jera mu: ni a gaba, Sale a bayana, Garba a ƙarshe. In an kama na farko, na biyu ya ɗauka daga inda aka tsaya, ba daga farko ba, don ba za a ba shi lokaci ba. Yadda ya faɗi "in an kama" ɗin nan, kamar yana cewa in an yi la'asar, shi ya hana ni cin abinci ran nan.

Abin haushin, mutumin nan da ke koya mana tsayuwa, a duk ƙasar Katagum ban san matsoraci irinsa ba. In ya hango jar rigar dogari daga nesa, murya ta shige. Akwai ranar da yana tsakiyar yi wa wani Alhaji ƙaho, ya ga ja ya gifta ta bayan rumfuna, sai ya bar mutum da ƙahoni huɗu a baya ya shige bayan tsamiya ya lafe. Alhaji na kira, shiru. Ashe wani mai koli ne ya ɗauko bargo ja yana kaɗewa. Da ya fito muka ce, "Haba Kawu, bargo ne fa."

Ya ce, "Na sani. Dubawa na je yi ko wurin ɓuyan yana nan."

Mako biyu muna atisaye a gidansa da hantsi. Ya kifa turmi ya zauna a kai, ya naɗa zanen matarsa Inna Dije a matsayin rawani, shi ne hakimi. Mu shigo mu tuɓe takalma mu faɗi gaisuwa, da na buɗe baki sai ya daka mini tsawa, "Ɗan wane ne wannan? A kama shi." Wasa ne, zanen Inna Dije ne, na san shi har da inda ya yage, amma sai in nemi maganar in rasa. Ga dokokinsa kuma. Ka ci tuwo ka ƙoshi kafin ka je, gidan yari ba a ajiye wa baƙo abinci. Ka kewaya kafin ka shiga. Ka sa wando biyu. Ka gaida mutum yadda ya kamata, kada a ce raini ya kawo ka. Kada ka kalli dogari, rawani za ka kalla.

Na ce, "Kawu, kai a ina za ka tsaya?"

Ya ce, "Ni wanzami ne, wa ya aike ni? Zan zo kallo daga nesa, kusa da hanyar gudu."

Ranar ta zo, bayan ruwan shuka da kwana goma sha wani abu. Mutanen ƙauyenmu suka cika ƙofar gidan hakimi, kowa a tsugune, ba mai tari. Mahaifiyata ta rako ni har bakin gari, sai gyara mini wuyan riga take ta yi. Muka shiga zaure, muka faɗi, muka yi gaisuwa. Na kalli rawani kamar yadda aka koya mini, na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ƙi aikin gandu ba. A bar mu..." Iyakar abin da na samu ke nan. Wani hannu ya shaƙo wuyana ta baya, sai ga ni rub da ciki, gwiwar dogari a gadon bayana. Na ji muryar Sale a sama, "...kwana bakwai mu nome..." sai tim, ya faɗo kusa da ni, leɓensa a fashe.

Saura Garba. Na karkata kai na gan shi ya miƙe, ƙaton nan, ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Ko sauti bai fito ba. Sai ya koma ya tsuguna ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa ganin laifinsa ba, har gobe. Ina kwance ƙasa a bakina, ina tuna Malam Ilu, ina cewa shi ke nan, za a dake mu a ɗaure mu, hakimi bai ma ji abin da muka zo nema ba, gero kuma ya tafi.

Sai wata murya ta taso daga bakin zaure, siririya, tana rawa kamar ta ɗan akuya. "...mu nome namu. Sannan mu zo mu yi naka." Kawu Buba ne, zabira a rataye, ya dafa bango don kada ya faɗi. Tsoro ya hana shi yin shiru, sai ya koma farko ya sake faɗa duka, sannan ya maimaita da Fillanci, ko wa ya tambaye shi oho.

Hakimi ya dube shi. Ya ce, "Buba? Kai da ka yi wa 'ya'yana askin suna, har da kai?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ni ma ban so ba."

Daga waje wani dattijo ya ce, a tsugune, kansa a ƙasa, "Kwana bakwai, ranka ya daɗe." Na kusa da shi ya faɗa. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba mai ɗaga murya, har ta kai ƙarshen taron.

Mu uku aka kai gaban alƙali, ni da Sale da Kawu. Bulala da wata uku. An yi wa Kawu tasa a gabana, mutum ya haura shekara sittin, kuma wannan ba zan ba da labarinta ba. Da aka shigar da mu gidan yari ganduroba ya aske mu da wata aska mai tsatsa. Kawu ya shafa kansa, jini a yatsa, bayansa ko riga ba ta taɓuwa, ya ce wa mutumin, "Ɗana, wannan ba aski ba ne, sassabe ne. Wa ya koya maka?" Ba a taɓa ba mu amsar roƙonmu ba. Amma shekarar nan dogari bai leƙa ƙauyenmu ba sai da kowa ya gama noman farko, haka ma ta bayanta.

Kawu ya yi shekara shida bayan nan kafin ya rasu. Ranar sadakar uku Inna Dije ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai, kana tsammani kawunka kallo ya je yi ran nan?" Ta ce tun ranar da ya jera mu ya je ya yanko likkafaninsa ya ba ta ajiya. Mako biyun nan duk abin da ya ci sai ya dawo da shi, in mun watse sai ya shiga bayan rumbu ta riƙa jin yana ta nanata maganar shi kaɗai. Da safen ranar da muka je gaban hakimi ya tura awakinsa wurin ƙaninta a Jama'are, ya nemi gafararta, ya sa wando biyu. Ta ce masa, "Malam, in ba za ka iya ba ka zauna mana." Ya ce, "Ba zan iya ba, Dije. Amma ni na tura ɗan ƙanwata."

Allah ya jiƙan Kawu Buba, ya yalwata masa makwancinsa. Ranar da kowa zai tsaya yana karkarwa, Allah ya amintar da shi, ya sa kada ya ji tsoron komai.